Shekara biyu da robar mahaifa mai tagulla: abin da na gani a jikina

Autana yana da wata tara aka saka mini ita, robar tazarar haihuwa da ake sakawa a cikin mahaifa. Yanzu ga shi can yana bin kaji a tsakar gida, saura wata uku ya cika shekara uku. Tun ranar da maganar ta suɓuce mini a gidan sunan ƙanwata, ba na zuwa biki ko suna wata ba ta ja ni gefe ta rage murya ba: "Yaya, don Allah da gaske ba ta tafiya zuciya?" Na amsa wa mata da yawa a tsaitsaye, rabi da rabi, shi ya sa na ga gara in zauna in faɗe shi gaba ɗaya.

Haihuwata huɗu cikin shekara takwas, ɗaya kwanika ce. A cikin auta jinina ya hau, ƙafafuna suka kumbura har silifas ba ya shiga, na yi kwana shida a gadon asibiti kafin haihuwa. Da za a sallame mu, likita ya kira Abban yara ya ce masa jikin nan yana neman hutu, kuma ba na shekara ɗaya ba. Ƙwayar da ake sha kullum, irin mai sinadari biyu, an ce ba ta dace da mai hawan jini ba. Allurar wata uku kuwa na taɓa yi bayan haihuwata ta biyu: al'ada ta ɗauke ɗif, na yi ƙiba, ga ciwon kai da ba ya jin farasitamol. Ashanar hannu, wadda ake sakawa a ƙarƙashin fatar damtse, ita ma sinadari ce, ni kuma na gaji da abin da zai taɓa mini jiki gaba ɗaya. Sai aka ce akwai roba wadda babu sinadarin komai a cikinta sai tagulla.

Unguwarzoma ta nuna mini ita a cikin ledarta kafin ta buɗe. Ƴar mitsitsiya ce, tsawonta bai kai na ɗan yatsana ƙarami ba, farar roba mai siffar harafin T, an naɗe ta da siririyar wayar jan ƙarfe, wato tagulla, da zare biyu a ƙasa. A jikin ledar an rubuta Copper T 380A. Tagullar ce ke aikin: tana kashe kaifin maniyyi ya kasa kaiwa ga ƙwan mace. A cikin mata 100 da suka saka, ba a samun ko ɗaya cikakkiya da ke ɗaukar ciki a shekara, kuma tana kai shekara 10, wasu ma'aikatan lafiya ma har 12 suke bari. A asibitin gwamnati na saka, robar kyauta ce, ni dai na biya kuɗin kati da safar hannu da gwajin ciki.

Sakawar ba ta kai minti goma ba. An sa ƙarfen nan mai kamar bakin agwagwa, an goge bakin mahaifa da magani, an auna zurfinta, sai na ji marata ta murɗa sau biyu kamar farkon naƙuda. Na riƙe ƙarfen gado na yi salati. Shi ke nan. Na hau adaidaita na koma gida, na wuni da ciwon mara da ɗigon jini, washegari na shiga aji na koyar da ƴan aji uku kamar kullum.

Abin da ba a shirya ni a kansa ba shi ne jini.

Wadda ta saka mini ta ce, "Al'adarki za ta ɗan ƙaru kaɗan," ta miƙa mini kati ta kira ta gaba. Layi ya yi tsawo a ranar, na sani, mata sun fi talatin a kan benci. Amma kalmar "kaɗan" ɗin nan ta cuce ni. Ni da nake kwana biyar, wata na farko sai da na kwana tara. A rana ta biyu da ta uku ina canza audugar mata duk bayan awa biyu, har da gudaji. Da dare na haɗa auduga da ƙunzugu, na shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, duk da haka da asuba sai wanki. Wata rana ina tsaye gaban allo na ji abu ya zubo, ban iya juyawa ba sai da na jawo hijabina ƙasa na fita da baya da baya. Ciwon marar kuma irin wanda na manta da shi ne tun ina budurwa, yana sauka har cinya.

A wata na uku na fara ganin jiri in na miƙe daga ruku'u. Tafin hannuna ya yi fari, in na ɗebo ruwa bokiti biyu sai haki. Na koma asibiti da niyyar a cire mini kawai. Allah ya haɗa ni da wata dattijuwar nas, ta zaunar da ni, ta ja fatar idona ta duba, ta ce, "Ƴata, me ya sa kika bari har ya kai haka?" Ta tura ni awon jini, aka ga ya yi ƙasa. Ita ce ta yi mini bayanin da ya kamata in ji tun ranar farko: wannan robar halinta ke nan, tana ƙara yawan jinin al'ada da kwanakinsa da ciwon mara, musamman wata uku zuwa shida na farko, a wajen yawancin mata yana lafawa, a wajen wasu ba ya komawa yadda yake. Ta rubuta mini ƙwayar ƙarin jini ta wata uku da ibufurofen da zan fara sha ranar da jini ya zo, bayan na ci abinci, ta kuma tambaye ni ko ina da olsa, don mai gyambon ciki ba ta shan shi. Ta ce in ba ta wata uku, in ba sauƙi ita da kanta za ta cire. Na koma gida na dage da hanta da wake da zogale da alayyahu.

Sauƙin ya zo a hankali. Zuwa wata na bakwai na tsaya a kwana bakwai, biyu daga ciki masu nauyi. Har yau a nan nake. Ban koma biyar ɗina ba.

Akwai abin da babu wanda ya ambata a asibiti, kuma shi ya fi tsaya mini a rai: salla. A watan farko da na wuce kwana biyar na rasa yadda zan yi, in yi wanka ko in jira. Na je wajen malamarmu ta Islamiyya a kunyace. Ta ce a mazhabar Malikiyya mace mai sananniyar al'ada tana ƙara kwana uku a kan mafi yawan kwanakin da ta saba, muddin ba ta haura 15 ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi sallarta. Ashe ranar ta tara salla ta hau kaina. Ramuwar azumi ma ta ƙaru, bana bakwai na rama. Duk mai niyyar sakawa ta san wannan lissafin tun kafin ta hau gadon, ta kuma tambayi malamarta game da ɗigon da ke zuwa tsakanin al'ada da al'ada, don shi ma yakan faru a farko.

Maganar zare kuma. A makonnin farko Abban yara ya ce yana jin wani abu yana sukarsa. Da na koma awon da ake yi bayan al'adar farko na faɗa, aka ce zaren yana laushi da kansa ya naɗe a bakin mahaifa, in bai yi ba a rage tsawonsa. Haka kuwa aka yi, bai sake magana ba. An koya mini in wanke hannu in tsuguna in taɓa zaren bayan kowace al'ada. Wani wata na laluba ban ji komai ba, na kwana ban runtsa ba, maganar matan nan ta zuciya tana ta yi mini yawo a kai. Hoton ciki ya nuna tana nan daram inda aka ajiye ta, zaren ne ya lanƙwashe. Babu wata hanya daga mahaifa zuwa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Abin da kan faru, shi ma da wuya, kamar mace ɗaya cikin 1,000, shi ne ta huda bangon mahaifa a lokacin sakawa, shi ya sa ba a kai jiki wajen wanda bai iya ba. Wanda ya fi yawa shi ne ta zame ta fito, galibi a shekarar farko. Ƴar wan babana tata a kan auduga ta gan ta wata biyu da sakawa.

Farin ruwa ya ɗan ƙaru mini, marar wari marar ƙaiƙayi, aka duba aka ce ba sanyi ba ne. Amma an ja mini kunne: zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani, ruwa mai wari, ko ɓatan wata, kada in tsaya jiƙe-jiƙe, asibiti kai tsaye. In ciki ya shiga da roba a jiki dole a duba ko a wajen mahaifa ya zauna. Kuma ba ta kare mace daga cutar da ake ɗauka ta saduwa, ko kaɗan.

Duk da wannan, ban yi da-na-sani ba. Nonona bai ragu ba, na shayar da auta shekara biyu cif. Jinina bai hau ba, kaina ya daina ciwo, kayana na da sun shige ni. Ba ni da fargabar na manta ƙwaya ko ranar allura ta wuce ina tafiya. Kuma ranar da aka cire, daga watan nan mace za ta iya ɗaukar ciki, ba kamar allura ba da na yi wata da watanni ina jira.

Wadda al'adarta dama mai yawa ce, ko ba ta da isasshen jini, ni ba zan ce ta saka ba sai ta auna jininta ta zauna da likita. Ƙanwata mai kwana uku zuwa huɗu kuwa ni na raka ta, na sa ta sayi auduga leda uku da ƙwayar ƙarin jini tun a hanya.

Tawa tana nan. Mun yi da Abban yara in auta ya shiga firamare za mu sake zama mu duba, in likita ya ga jinina ya zauna, in je wajen dattijuwar nan ta cire mini.