Kujerar da babu kowa a kai

Mako takwas na yi ina zuwa zaman jinyar damuwa na rukuni bayan rasuwar yayana, kuma ranar farko saura ƙiris in juya. Mu tara ne, duk manya, sai ga mai jagorantar zaman ta fito da ƙwallo, wai mu riƙa jefa wa juna, wanda ya cafe ya faɗi abin da ya hana shi barci jiya. Raina ya ɓaci. Ni da na zo da nauyi a ƙirji, wasa za a sa ni?

A mako na huɗu abin ya kama ni. Ta ajiye kujera a tsakiya, ta ce in ɗauka Yaya ne zaune, in gaya masa abin da ban samu faɗa ba. Bakina ya ƙi buɗuwa. Sai ta ce in hau kujerar in zama shi, wani dattijo a cikinmu ya tsaya a madadina. Wallahi muryar Yaya ce ta fito, har yadda yake jan sunana. Na ji kaina ina cewa, "Ƙanena, ba laifinka ba ne da ba ka iso asibiti da wuri ba." Wata bakwai mutane na gaya mini haka, bai taɓa shiga ba sai ranar. Dattijon ma hawaye yake yi.

Ita ce ta gaya mana wannan musayar matsayi dabarar Jacob Moreno ce, likitan da ya fara haɗa wasan kwaikwayo da jinya a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya tun 1921, kuma zaman irin wannan jinya matakai uku ne: a saki jiki, a yi wasan, sannan kowa ya faɗi abin da ya taɓa shi.

To a nan na ji haushi, har yanzu ina ji. Ranar tawa ba a yi mataki na ukun ba. Minti 90 na cika ta duba agogo, ta ce sai mako mai zuwa. An buɗe mini ciwo an bar ni da shi, na fita jikina na rawa, daren nan ban runtsa ba. Ko kira ɗaya masu shirya zaman ba su yi ba. A mako na shida kuma suka shigo da sababbin mutum biyu ba tare da sun tambaye mu ba, dattijon nan bai sake cewa uffan ba har aka gama.

Zan koma, amma sai sun tabbatar mini rukunin a rufe yake, wato ba za a ƙara kowa ba, kuma ba za a sake yanke zama a tsakiya ba.