Na cire injin injekta na sa mai kafireta: yadda aikin garejin ya kasance bayan wata bakwai

Motata tsohuwar Toyota ce a-kori-kura, ƙirar 1989, mai inji 22R-E. Silinda huɗu ne, lita 2.4, kuma harafin E ɗin nan na ƙarshe shi ke nuna injekta ce. Kusan shekara guda ta yi tana wasa da hankalina. Silo ba ya tsayawa wuri ɗaya, in na taka totur sai ta yi kamar an shaƙe ta, wani lokaci ta mutu mini a tsakiyar titi ana ta danna mini oda. An wanke nozul sau biyu, an canza fulogi, an canza famfon mai, har birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, na wata motar aka aro aka gwada. Kowane makanike da nasa zancen.

A haka aka kwatanta mini garejin wani dattijo da ya yi suna a aikin kafireta. Ya buɗe bonet, ya dubi tarin wayoyin da makanikan baya suka yayyanka suka naɗe da salatif, ya girgiza kai.

"Alhaji, raba kanka da wahalar waya. Ga 22R can mai kafireta, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da wannan. Mu ɗora maka shi ka huta."

Na ce, "Oga, shan mai fa?"

Ya ce, "Zai ɗan ƙaru." Wannan "ɗan" ɗin za mu dawo kansa.

A maganar dangantakar injinan bai yi ƙarya ba. 22R da 22R-E gida ɗaya suka fito, don haka mazaunin inji ya hau daidai, giyabos ya kama ba tare da an yi walda ko huda ba. Kwana ɗaya suka sauke tsohon suka ɗora sabon. Abin da ya ci sauran kwana huɗun shi ne ƙananan abubuwan da ke kewaye da injin, kuma a nan ne ake gane gwani.

Na farko mai. Injekta tana son mai da matsi mai ƙarfi, wajen psi 40 a ma'aunin matsi, shi ya sa famfonta na lantarki yake cikin tanki yana turo shi da ƙarfin tsiya. Kafireta kuwa psi 3 zuwa 4 ya ishe ta, don a cikinta wani ɗan kwano ne da fulot da allura: kwanon ya cika, fulot ya taso, allura ta toshe hanya. Yaran garejin, ranar da ogansu ya fita sayen kaya, sai suka bar famfon tankin a wurinsa suka jona shi da makulli, wai don ya taimaka. Ina tsaye aka murɗa. Ko ƙirga biyar ban yi ba fetur ya ture allurar, ya tumbatso ta bakin kafireta yana gangarowa kan inji. Warin ya cika wurin. Na ja da baya ina salati, wani yaro ya yi tsalle ya cire kan batir. Da injin da zafi, da wani labarin nake bayarwa yanzu. Da dattijon ya dawo ya yi musu tas, ya sa aka sauke tanki, aka cire famfon, aka sa bututu zalla. Shi 22R yana da nasa famfon a jikin kan silinda wanda kamshaf ke bugawa, inji ya tsaya shi ma ya tsaya. Wannan ya fi mini kwanciyar hankali a kan famfon lantarki da aka jona kai tsaye da makulli, wanda ko hatsari aka yi zai ci gaba da feso mai.

Na biyu wuta. A 22R-E birenbos ne ke tsara lokacin da fulogi zai ba da wuta. Da aka cire shi, dole aka koma distiribita irin ta da, mai ƙananan nauyaya a ciki da ɗan tiyon iska da ke jan taimin gaba, da kwayil da iginaita nata. Ya saita taimin da fitila, ba da kunne kawai ba, na kuwa yaba masa. Sai kebur ɗin totur da bai kai ba aka nemo wani, sai gidan fiilta na iska, sai wayar agogon zafi da ta fitilar mai da ya bi ɗaya bayan ɗaya ya jona. Wayoyin injekta bai datse su ba. Ya naɗe su tsaf, ya ɗaure a gefe, ya ce ko wata rana zan yi sha'awar komawa. Cok na hannu ya sa mini, ɗan maɓalli a ƙasan sitiyari da ake ja ya rage iska don inji ya tashi da sanyi.

Aikin hannunsa dai ba ni da abin cewa. Wata bakwai ke nan motar ba ta mutu mini a hanya ba sai sau ɗaya, shi ma datti ne ya toshe jet ɗin silo, ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireta. Na faka, na ɗauko sukundireba, na kwance, na hure, na mayar, minti ashirin na kama hanya. A zamanin injekta da sai dai a jawo ta. Wannan daɗin na gaske ne, kuma shi masu kafireta ke nufi in suna yabonta.

To amma "ɗan ƙaruwar" shan man nan. Cikon tankin da ke kai ni kwana takwas a zirga-zirgata ta yau da kullum, yanzu da ƙyar yake ganin na shida. Na koma sau biyu ya sake saiti, ya ragu kaɗan, ya tsaya a nan. Ba laifin saitinsa ba ne. Injin fetur ya fi son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Injekta tana da sensa a salansa da ke shinshina hayaƙi, tana gaya wa birenbos ya ƙara ko ya rage, ba dare ba rana. Kafireta ba ta da mai gaya mata. Ramin jet ɗin da aka sa mata shi ke nan, ko ana zafi ko ana sanyi, ko a kwari ko a kan dutse. Na hau wata hanya mai tsauni da kaya a baya, iska ta yi ƙaranci a can sama, motar ta yi nauyi, baƙin hayaƙi ya biyo ni. Da safe kuma, musamman lokacin sanyi, sai na ja cok, na taka totur sau biyu, na tayar, na zauna minti uku ko huɗu kafin ta yarda ta tafi ba tari. Da can murɗa makulli kawai nake yi. In ta kwana uku ba a taɓa ta ba, man kwanon ya bushe, sai sitata ta sha wahala kafin famfo ya cika shi. Ƙarfinta ma ya ɗan ragu, ana ji wajen wuce babbar mota.

Wani abin da dattijon bai taɓo ba sam shi ne doka. Hayaƙi ne ya kori kafireta daga sababbin motoci: a Amurka ta ɓace a farkon shekarun 1990, a Turai ma ƙa'idar Euro 1 ta 1992 ta sa kusan kowa ya koma injekta. A Amurka cire na'urorin tace hayaƙi daga motar da ke hawa titi laifi ne, kuma duk inda ake gwajin hayaƙi kafin sabunta takardu irin wannan canjin zai iya kayar da mota. Sannan abin da ya yiwu a tawa don tsohuwa ce mai giyar hannu. Motar zamani da birenbos ke riƙe da giyar otomatik da agogunan gaba da makullin tsaro, ka cire shi ka cire rabin motar. Ranar da na je karɓar tawa na ji dattijon yana yi wa wani mai irin wannan motar tayin aikin, ban ji daɗi ba.

In an tambaye ni garejin, zan ce a kai masa aikin kafireta ido rufe, amma kada a nemi shawararsa a kan injekta, don amsarsa ɗaya ce kullum. Ina da dalili. Tsohon injina wani mai rewaya na bar wa da sauran kayansa. Bayan sati biyu ya kira ni in zo in gani. Ya ɗora shi a wata motar, yana ta silo lafiya lau kamar agogo. Ya miƙo mini baƙin tiyon roba mai ninƙi-ninƙi, wanda ke tsakanin ma'aunin iska da bakin totur, ya lanƙwasa shi. A ƙasansa, inda ido ba ya kaiwa, ga tsaga ta buɗe baki, tsawon ɗan yatsa. Ta nan iska ke satar hanya ba a auna ta ba, birenbos ya riƙa ba da man da bai isa ba.

"Alhaji, wannan ne duk ciwon," in ji shi. "Makanike nawa suka duba ta?"

Na ce biyar, har da dattijon.