Injin Haƙa Mai Tururi da Masu Diga: Wa Ya Shimfiɗa Hanyar Jirgi?

A 1839 William Otis, ɗan Amurka, ya sami rajistar injin haƙa mai aiki da tururi, aka gwada shi a aikin dogo a jihar Massachusetts. Tukunyar ruwa ce bisa wuta, ga dogon hannu mai babban cokali na ƙarfe, yana kwasar ƙasa yana zubawa a taragu. A Amurka ya sami karɓuwa, don leburori sun yi ƙaranci kuma ladansu da tsada.

A Ingila kuwa an daɗe ba a kula shi ba. Me za a yi da shi, ga majiya ƙarfi birjik? Da diga da shebur da baro suka fasa tuddai suka cike kwaruruka. A aikin dogo, sai a layin jirgin Great Central da ya shiga Landan, tsakanin 1894 da 1899, injinan suka yi yawa sosai.

Injin ba ya gajiya, amma ɗan gata ne: sai an ba shi gawayin kwal da ruwa, an shimfiɗa masa dogon da zai taka, dutse kuma sai an fasa masa da nakiya. Lebura ko'ina ƙafarsa za ta kai shi, sai dai shi ke kwana a bukka, shi ƙasa ke ruftawa.

A Najeriya kuwa, layin dogo daga Baro, wani gari a bakin kogin Kwara, zuwa Kano, 1907 zuwa 1911, hannu ya yi shi. Turawa suka sa sarakuna da hakimai ɗibar talakawa, da yawa ba da son ransu ba, suna ɗaukar ƙasa a ka. Har yau wasu tsofaffi "diga" suke kiran hanyar jirgi.