Barkwanci da wasan "ba kai ba gindi": ina suka rabu?

'Yar'uwa, kin tambaya ko gajeren wasan dandamalin da kike son rubutawa, na minti 10, ya kamata ya bi barkwancin da muka saba, ko kuwa salon nan na ba kai ba gindi da ya yi tashe a Faransa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Duka biyun suna sa dariya, amma ba daga wuri ɗaya dariyar take fitowa ba.

A barkwanci, duniya lafiyarta ƙalau, mutum ɗaya ne ya karkace. Ɗan kama ya naɗa rawani, ya ari muryar malami, yana jan baƙi a kan tuwo da miya. Muna dariya ne don mun san yadda karatun gaskiya yake.

A ɗayan kuwa duniyar ce ta karkace, mutanen cikinta kuma ko a jikinsu. Eugène Ionesco, haifaffen Romaniya, yana koyon Ingilishi daga wani littafi, sai ya ga mutanen littafin suna sanar da juna cewa kwana bakwai ne a mako. Daga nan ya gina wasansa na farko, aka nuna shi a Faris a 1950. A ciki wani mutum da wata mata suna ta bin diddigi har suka gano ashe su mata da miji ne. A 1953 wani marubucin, Samuel Beckett, a nasa wasan ya tsayar da mutum biyu a gindin bishiya suna jiran wanda bai taɓa zuwa ba.

Ga misali nawa. Ƙofa tsaye a fili, babu katanga, ga maigadi, ga dogon layi. Idan barkwanci kike yi, wani mai wayo zai zagaya ta gefe, maigadi ya bi shi da gora, a tuntsire da dariya, shi ke nan. Idan na biyun ne, babu wanda zai zagaya. Za su yi ta rigima kan wa ya riga wa, wani ya sayar da gurbinsa, wata ta haihu a layin. Wannan ya fi taɓa ni, domin dariyar tana barin ɗaci a maƙogwaro.

Ni dai a minti 10 na biyun zan ba ki shawara. Barkwanci yana neman ɗan wasa mai baiwar baki, shi kuwa wannan rubutu ne yake ɗauke da shi. Abin da ba zai yiwu ba guda ɗaya tak za ki saka, ki maimaita shi yana ƙara muni. Kada 'yan wasanki su murmusa ko su ƙifta wa 'yan kallo ido, su riƙe maganar kamar ta rai da mutuwa. Kuma kada ki warware komai: a kashe fitila maigadi yana kiran na gaba.