Hattara da takardar kimar gida da dillali ke zarowa daga aljihu

Jama'a, akwai wata dabara da wasu dillalan gidaje ke yi wa masu saye. Saura ƙiris ta ci yayana, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Dillali zai kai ka gidan da ya sha sabon fenti, warinsa ma bai gama fita ba. Tun ba ka tambayi kuɗi ba zai zaro takarda mai hatimi da sa hannu, wai ƙwararren mai kimanta kadara ne ya zo ya duba, ga abin da gidan ya kai. Sai ya rage murya ya ce mai shi na cikin matsi, zai sallama ƙasa da haka. Kai kuma ka ga ka tsinci dami a kala. Kuna cikin zagayawa sai ga wani ya faɗo, shi ma wai mai saye ne, yana waya da ƙarfi cewa gobe da safe zai turo kuɗi. Nasu ne. Aikinsa kawai ya ɗaga maka hankali ka ajiye kafin alƙalami a ranar, irin wanda aka rubuta ba a mayarwa idan ka fasa.

Tambaya ɗaya ce ta ceci Yaya: wa ya biya mai kimantawar? Mai gidan ne. Shi kuwa dillali la'adarsa kaso ce daga kuɗin ciniki, farashi na hawa rabonsa na hawa. To a cikin su ukun wa zai so adadin ya sauka? Wannan cuta ba sabuwa ba ce. Kumbura kimar gidaje na cikin abubuwan da suka rura rikicin bashin gidaje na Amurka a 2008, har dokar Dodd-Frank ta 2010 ta haramta matsa wa mai kimantawa ya rubuta adadin da ake so.

Kuɗin da aka sa wa gida daban, kuɗin da aka saye shi daban. Dillali zai nuna maka tallan gidajen maƙwabta, alhali talla buri ne kawai na mai kaya. Kai dai nemi gidaje uku ko huɗu da aka riga aka sayar kwanan nan a wannan unguwa, masu kama da shi a girma da shekaru. Raba kuɗin kowanne da yawan murabba'in mitarsa, ka kwatanta da wanda ake tallata maka. Kuma ka sa a auna gidan a gabanka, don har a faɗin fili ana ƙari.

Inda suka fi ƙwarewa shi ne haya. Za su nuna maka takardun 'yan haya na bogi don ka ga gidan zai mayar da kuɗinsa da wuri. Duba lissafin: gidan da aka sa wa 100, idan hayarsa a shekara 8 ce, cikin shekara 12 da rabi ya biya kansa. Idan ainihin hayar 4 ce, sai shekara 25, ba a ma cire gyara da haraji da watannin da zai zauna babu kowa ba. Ninka haya a takarda ninka darajar gida ne a idon mai saye. Ƙwanƙwasa ƙofar 'yan hayar da kanka, ba dillali a gefe, ka tambaye su nawa suke biya.

Fentin kuma, ni dai ina zarginsa duk inda na gan shi sabo a bango ɗaya ko a ƙasan bango kawai. Danshi da tsagewa ake rufewa da shi. Kawo naka injiniyan ya duba harsashi da rufi da wayoyin wuta, kuɗin gyaran da ya lissafa a cire daga farashi. Takardar mallaka ma a tantance ta a ofishin rajistar filaye, a ga ko gidan na jingine a banki.

Yaya ya ce zai kawo nasa mai kimantawar, shi zai biya shi, a ba shi mako ɗaya. Daga ranar dillali ya daina ɗaukar wayarsa. Gidan da aka ce gobe da safe za a saye, wata uku ke nan allon talla na rataye a ƙofarsa.