Darasin Asabar a Nima

Ɗiyata tana shirin jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE, amma da an ce ta yi sharhin littafin adabin Turanci sai ta tsaya zuru. Shi ya sa na kai ta darasin Asabar wajen wani malami a nan unguwar Nima, a Accra.

Ba ya ba su hadda. Sukan zauna da'ira, ya jefa tambaya, ya bar su su yi ta gardama. Ran da na leƙa, littafin Faceless na Amma Darko suke tattaunawa, wai wa ya jefa Fofo, yarinyar da ke cikin labarin, kan titi, uwarta ko talauci? Wani yaro har da miƙewa, ya ce shi ya san Agbogbloshie, kasuwar Accra da aka ambata a littafin, can yayarsa take talla.

Ɗakin dai ƙarami ne, fankar ta mutu, ga hayaniyar motocin haya na trotro. Amma yarinya yanzu ni ma musu take da ni.