Haɗa kekunan sadaka a wurin aiki: wace hanya ta fi, kuma ina ake cutar masu saye?

A Amurka wannan al'ada ta fi ƙarfi. Kamfani ya ware rabin yini, a raba ma'aikata rukuni-rukuni, kowane rukuni a ba shi keke a kwali ya haɗa, daga ƙarshe a miƙa wa yaran da iyayensu ba su da halin saya. Manaja da masinja su durƙusa kan sifana ɗaya, abin da taron ofis ba ya kawowa. Ga ofishin da ke son gwadawa a Kano, Abuja ko Maraɗi, hanyoyi huɗu ne a gabansa, kuma ba ɗaya suke ba.

Ta farko ita ce a ɗauko kamfanin shirya taro ya zo da komai, kekuna da kayan aiki da mai jan ragamar wasa. Akwai sauƙi, amma kaso mai tsoka na kuɗin kan tafi ga lasifika da riguna, kekunan kuwa na ƙarshen araha ne. Ta biyu, a tara kuɗi a ba ƙungiya irin World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005 bayan bala'in tsunami na 2004. Kekenta mai suna Buffalo ƙarfe ne na gaske, kariyarsa ta ɗora kaya a baya na ɗaukar kilo 100, sai dai makanikanta ne ke haɗawa a ƙasashe irin Zambiya da Kenya. Sadaka ce mai kyau, amma ma'aikatanku ba za su taɓa noti ko ɗaya ba. Ta uku, a sayi kekunan gwanjo, waɗanda ake kira Beljiyam, a gyara. Aikin ƙwararru ne wannan. Kowane keke da cutarsa, kuma akantan ofis ba zai iya miƙe wili ba.

Ta huɗu ita ce zaɓina: ofis ya sayi sababbin kekuna marasa giya a kwali da kansa, ya ɗauko masu gyaran keke na unguwa su tsaya a kai.

Kafin a je kasuwa, a fara sanin wa za a ba. A je makarantar ko gidan marayun a karɓi shekaru da tsawon yaran, domin da faɗin taya ake auna keken yara. Inci 16 na ɗan shekara huɗu zuwa shida ne, inci 20 na shida zuwa tara, inci 24 na tara zuwa sha biyu, inci 26 kuma na 'yan sakandare. Idan ɗaliban ƙauye ne masu tafiyar kilomitoci zuwa makaranta, a nemi mai kariya da madigadi. Yaron da ya tsaya a kan keke ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba, keken ya fi ƙarfinsa, kuma zancen "zai girma ya tarar da shi" shi ke kai yara asibiti.

Me ya sa mara giya? Giyar keke mai araha ita ce ke fara lalacewa. Da zarar keken ya faɗi ta ɓangaren dama, ƙarfen da ke canza sarƙa ya lanƙwashe, sarƙa ta riƙa zamewa, kuma mai gyara a ƙauye ba lallai ya sami kayanta ba. Mara giya kuwa, ko a gindin bishiya a gyara shi.

Keke kan zo a kwali an riga an haɗa mafi yawansa. Abin da ya rage shi ne tayar gaba, kan keke, sirdi, feda biyu, da saita birki. Mutum huɗu sun isa rukuni ɗaya, in sun kai shida biyu za su koma latsa waya. A ba su awa ɗaya. Kowane tebur na buƙatar sifana mai lamba 15, alanki (ɗan ƙarfen ɗaure noti mai siffar L) mai lamba 4 da 5 da 6, sukundireba, filaya da ɗan giris, sannan famfo ɗaya ga kowane tebur uku. Mai gyara ɗaya ga kekuna biyar, kuma kada keke ya fita sai ya duba ya hau ya gwada.

Kurakuran da ake yi sanannu ne. Fedar hagu ba kamar sauran notuna take ɗauruwa ba, zarenta a juye yake, hagu ake murza ta. An rubuta L da R a bakin ƙarfen kowace feda, amma mai sauri ba ya dubawa. Ya cusa ta dama a hagu, ya ji ta cije, ya ƙara ƙarfi da sifana, zaren ya cinye, sai an sauya hannun fedar gaba ɗaya. Don haka a shafa giris, a fara murzawa da yatsu, in ta ƙi shiga cikin sauƙi a tsaya. Na biyu, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba yakan zo a juye cikin kwali don ya ci wuri kaɗan. Dole a juyo shi, lanƙwasarsa ta kalli gaba. In an bar shi haka, taya za ta riƙa bugun ƙafar yaro a kwana. Na uku, sandar sirdi da ta kan keke suna da layin da aka zana a jiki, kuma dole layin ya shige ciki. Roban birki kuma ya kama gefen wili, kada ya taɓa taya. Gwajin kan keke mai sauƙi ne: a matse tayar gaba tsakanin gwiwoyi a murɗa kan, in ya juya taya ba ta bi ba, bai ɗauru ba.

Sai maganar cuta, inda aka fi asara. Sunan da ke jikin keke ba hujja ba ne. Sitikar Raleigh ko Phoenix ko Shimano ana sayar da ita daban, a manna a kan kowane ƙarfe. Suna na gaske a kayan birki ko giya a kan buga shi ne a jikin ƙarfen. Wata dabarar ita ce a nuna maka keke mai kyau a ƙofar shago, a loda maka wasu daga sito. Kada a karɓi kwali a rufe. A buɗe kowanne a gaban mai shago, a ƙirga feda, notuna, sirdi da ƙararrawa, domin ƙaramar ledar notuna ita ce ke yawan ɓacewa, kuma ranar taro ba lokacin neman noti ba ne. A duba walda a inda bututu suka haɗu. Mai ramuka ko wadda aka lulluɓe da fenti mai kauri abin zargi ce, sau da yawa tsohon keke ne da ya tsage aka yi wa kwalliya. A matsa hannun birki da ƙarfi. In na roba ne yana lanƙwasawa har ya taɓa kan keke, ba zai tsayar da yaro a gangare ba. A juya wili a iska a ga ko yana layi, a matsa wayoyinsa biyu-biyu a ji ko sun saki. Tayar da ta daɗe a sito za a ga ƙananan tsaga a gefenta, tub ɗinta ma ya riga ya mutu. Hular kwano mara kumfa mai tauri a ciki kuwa kwalliya ce kawai.

Akwai kuma 'yan tsakiya masu cewa su za su kai kekunan ga marayu. A karɓi sunan wurin, a je da ƙafa, a miƙa hannu da hannu a gaban shugaban makarantar. A rubuta yarjejeniya da mai shago cewa zai sauya duk wanda aka samu da aibi, a riƙe wani kaso na kuɗin sai bayan an haɗa. A cikin kasafin kuma a saka tub ɗaya na ajiya da kayan faci ga kowane keke, a biya mai gyaran tun yanzu ya koma makarantar bayan wata ɗaya ya ɗaure notuna, domin sabuwar wayar birki takan saki a makonnin farko.